Hanyar Kano Zuwa Damagaram: Yadda Daura da Baure Suka Koma Bakin Iyaka

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karantawa.

Yau hanya za mu bi. Hanyar da ta tashi daga Kano ta miƙa arewa, ta ratsa Dambatta da Kazaure, ta shiga Daura, ta fita ta Kongolam. Sai kuma ƙanwarta, wadda ta bi ta Babura ta fita ta Babban Mutum a ƙaramar hukumar Baure. Da yawanmu mun sha bin su, amma ba kowa ya taɓa tambayar dalilin da ya sa suka bi ta nan ba. Idan ka ce wa ɗan Kaduna ko ɗan Abuja kai mutumin Baure ne, ka kwatanta masa wurin, abin da zai ce shi ne, "Kai, ashe can ƙarshen Najeriya kake." To abin da nake so mu gani yau shi ne, wannan hanya ta girmi iyakar nesa ba kusa ba, kuma kafin a ja layin nan, ƙasar Daura tana tsakiyar tafiya ne.

Bari mu fara da yadda hanyar take a yau. Gwamnatin tarayya ta sa wa manyan titunanta na kudu zuwa arewa lamba, daga A1 zuwa A4. A1 ta tashi daga Legas ta bi Sakkwato ta fita Illela. A3 da A4 sun nufi Maiduguri, ɗaya daga Fatakwal, ɗaya daga Kalaba. Tamu ita ce A2. Ta tashi daga Fatakwal, ta bi Warri da Benin, ta zo Lakwaja, ta wuce Abuja, Kaduna, Zariya, ta shigo Kano. Ku lura, dukkansu daga bakin teku suka taso. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga Kano, idan ka bi titin Katsina ka kai Dawanau, wurin babbar kasuwar hatsin nan, sai ka karya dama. Ka wuce Dambatta, ka shiga jihar Jigawa ta Kazaure, ka shiga jihar Katsina, ka wuce Sandamu, sai Daura. Daga Daura zuwa Kongolam a ƙaramar hukumar Mai'adua ba nisa. Duka tafiyar daga Dawanau zuwa bakin iyaka kimanin kilomita 130 ce. Kana tsallakawa sai Ɗan Barto, daga nan Matamaye, Kance, Takieta, sai birnin Damagaram, wanda taswira ke kira Zinder.

Ita kuwa ɗaya hanyar, tun kafin ka kai Dambatta take ballewa a Kwanar Dumawa, ta bi Kunya da Kanya, ta shiga Babura, ta fito Babban Mutum. Ƙetaren iyaka akwai Tinkim, sai Magariya, sai Damagaram. Wato hanya biyu ce, tushe ɗaya, masauki ɗaya. Titin da ya taso daga Daura ya bi Zango ya zo Baure shi ne ya ɗinke su, kamar igiya tsakanin turke biyu.

To yanzu mu cire kwalta, mu koma shekara ɗari biyu baya.

A wancan zamani Kano ce babbar kasuwar ƙasar Hausa, kuma kayanta da yawa arewa suke tafiya. Baƙin yadi mai ƙyalli da ake rinawa a Kura da kewayenta, wanda Buzaye ke naɗawa, da jar fata da aka jeme, da takalma, da goron da fatake suka ɗauko tun daga Gwanja, da gashin jimina, da hauren giwa. Akwai kuma bayi. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, an kora mutane a kan wannan hanya ɗaure da igiya, wasu ba su sake ganin gida ba. Daga arewa kuma ana saukowa da gishirin Bilma da dabino, da kanwa daga ƙasar Manga, da raƙuma da dawaki, da kayan da Larabawan Gadamus da Tarabulus ke kawowa: takarda, alharini, turare, madubi, takubba.

Ayarin da ya tashi daga Kano sai ya sauka Damagaram, daga nan Damargu, sai Agadas, ya keta Azbin, ya kai Gat da Gadamus, ya ƙare a Tarabulus bakin Bahar Rum. Tafiyar watanni ce. Tsakanin Kano da Damagaram kaɗai, kimanin kilomita 240, wanda mota ke cinyewa yau cikin 'yan awoyi, ayari na yin kusan kwana goma.

Ka ga a nan ne sirrin hanyar yake. Raƙumi da jaki da takarkari ba sa bin miƙaƙƙen layi, ruwa suke bi. Madugu ba ya tambayar ina ya fi kusa, tambayarsa ita ce ina rijiya, ina ciyawa, wane gari ne ke da ganuwa da sarkin da zai ba da kariya. Duk inda tafiyar yini ta ƙare aka sami ruwa, nan ake yada zango. Inda aka saba yada zango, mata za su kawo fura da tuwo, maƙeri zai zo, mai gyaran sirdi zai zo, mai masauki zai gina ɗaki. Kafin ka ankara kasuwa ta tsaya, gari ya kafu. Shi ya sa idan ka duba garuruwan kan hanyar nan za ka ga tazararsu ba ta cika wuce tafiyar yini ba. Injiniyoyin da suka zo daga baya sawun jakuna suka bi suka zuba tsakuwa.

Kuma duk sarkin da ayari ya ratsa ƙasarsa yana da rabo. Ana biyan kuɗin wucewa, ana kai gaisuwa fada. Don haka riƙe hanya arziki ne, kuma ƙarfi ne. Wannan shi zai kai mu ga labarin Baure.

Wajen shekarar 1805, a lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Isiyaku wanda ya karɓo tuta ya ci birnin Daura. Sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. Amma gidan sarautar bai mutu ba. Bayan 'yan shekaru ana ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, sai aka wayi gari Daura ta zama uku: Daurar Fulani a cikin birni, mai biyayya ga Sakkwato, Daurar Zango, wadda ta kafu wajen 1825, da Daurar Baure. Biyun nan na ƙarshe zuriyar tsohon gidan sarauta ne, kowanne da fadarsa da masu sarautarsa. Wani masani, M. G. Smith, ya rubuta littafi guda a kan wannan rabuwa, ya fito a 1978, sunansa The Affairs of Daura.

To ta yaya ƙananan masarautu biyu suka rayu kusan shekara tamanin a gefen daular Sakkwato? Amsar tana arewa. Damagaram ta yi ƙarfi a ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimu wanda ya rasu a 1884. Shi ya kewaye birninsa da ganuwa, ya tara bindigogi har da igwa, kuma kuɗin duk daga cinikin ayari suke. Zango da Baure suka shiga ƙarƙashin inuwarsa, suna kai gaisuwa, shi kuma yana tsaya musu. Damagaram ba don Allah kaɗai ta yi ba. Tana buƙatar amintattu a ƙofar kudu, wurin da ayarinta ke shiga ƙasar Kano. Baure da Zango su ne masu gadin wannan ƙofa.

A kudu kuma, Kazaure ita ma 'yar wannan zamanin ce. Ɗan Tunku, wanda ya yi zama a Dambatta, ya ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, aka yi ta gwabzawa, daga ƙarshe gidansa ya tsaya da masarautarsa a Kazaure. Kun ga ke nan, a tafiyar kwana goma ɗan kasuwa zai ratsa Kano, Kazaure, ɗaya daga cikin Daura uku, sannan Damagaram. Wani lokaci ana zaman lafiya, wani lokaci ana yaƙi. A shekarun 1890 Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kai yaƙi har cikin ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu. Amma ko ana yaƙi, gishiri bai daina saukowa ba, yadi bai daina hawa ba, domin kowane ɓangare na ci daga ciki.

Sai Turawa suka zo. Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka kama Kano a watan Fabrairun 1903. A nan akwai wani abu da ba a cika faɗa mana a makaranta ba: ita kanta iyakar Najeriya da Nijar, rigimar hanya ce ta haife ta.

Ga yadda aka yi. Tun 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, alhali yawancin wuraren ba su taɓa taka su ba. A 1898 suka sake zama a Faris, suka zana wani rabin da'ira mai faɗin mil 100 kewaye da Sakkwato, suka ce na Ingila ne. Da Faransawa suka zo tafiya daga Kwara zuwa Damagaram, sai suka tarar an bar musu busasshiyar ƙasa, babu rijiyoyin da za su ishi sojoji da dabbobi. Suka koma suna kuka. A yarjejeniyar 8 ga Afrilun 1904, Ingila ta yarda ta turo iyakar kudu, don Faransa ta sami hanya mai ruwa ta Konni da Maraɗi da Tasawa zuwa Damagaram. Me Faransa ta bayar? Daga cikin abin da ta bari har da haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar Newfoundland, can ƙasar Kanada ta yau. Ku ji fa. Kifin wani teku da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba yana cikin cinikin da ya yanke inda gonakinsu za su faɗa.

Aka ƙara gyara yarjejeniyar a 1906. Daga nan zuwa 1908 wata tawaga ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana kafa alamomi, guda 148, daga Kwara har Chadi. Layin ya bi ta tsakiyar tsohuwar ƙasar Daura. Birnin Daura da Zango da Baure suka faɗo ɓangaren Ingila, garuruwa da yawa na wajen Magariya suka faɗa hannun Faransa. Ingilishi suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka zaunar da shi a birnin Daura, gidan da ke sarauta har yau, Baure kuma ta koma ƙarƙashin Daura. Wani masani Ba'amurke, William Miles, ya zauna a 'Yardaje ta Najeriya da Yekuwa ta Nijar, ƙauyuka biyu maƙwabta masu tushe ɗaya, ya rubuta littafin Hausaland Divided a 1994, yana nuna yadda layin nan ya sa 'yan uwa suka tashi da makaranta daban, kuɗi daban, hukuma daban.

Abin lura shi ne, hanyar da Faransa ta yi wa faɗa daga yamma zuwa gabas take. Tamu kuwa daga kudu zuwa arewa take. Don a buɗe waccan aka datse wannan.

Bugu na biyu ya zo a 1911, shekarar da layin dogo ya iso Kano. A shekarar ce kuma Italiya ta afka wa Tarabulus. Kayan da ke yin watanni a bayan raƙumi yanzu suna zuwa daga Legas cikin kwanaki, kuma da araha. Cinikin Sahara ya durƙushe. Kano ta juya fuskarta kudu, wajen teku. Kun tuna na ce ku riƙe maganar cewa manyan titunanmu duk daga bakin teku suka taso? To ga asalinta. An tsara su ne don fitar da amfanin gona zuwa jirgin ruwa, shi ya sa duk wanda ya fi nisa da teku ya zama ɗan ƙarshen layi.

Amma hanyar ba ta mutu ba, kaya kawai ta sauya. Daga 1912 gyaɗa ta zama sarauniya. Ƙasar Daura da Kazaure da Babura, da Magariya da Matamaye a ƙetare, duk jigawa ce mai son gyaɗa. Raƙuman da suka saba zuwa Agadas suka koma dakon buhuna zuwa Kano, inda 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata ke saye, har aka riƙa tara dalar gyaɗa. Gyaɗar yankin Damagaram ma ta nan take bi, domin tashar jirgin Kano ta fi kowace kusa da su. Wannan ya dami Faransawa, har a shekarun 1950 suka ƙirƙiro wani shiri na karkatar da kayan Nijar zuwa Kwatano ta Dahome, suna cika kuɗin mota daga aljihun hukuma. Duk da haka gabashin Nijar bai rabu da Kano ba.

Su kuwa titunan mota na farko, burji ne, kuma da gumin talakawa aka yi su. Hakimi zai aiko, dagaci ya tara matasa, a fita da kwando da fartanya. A ɓangaren Faransa abin ya fi tsanani, ga aikin tilas ga haraji mai nauyi, sai a 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da take mulka. Mutane da dama sun sulale cikin dare sun tsallako kudu saboda haka. Idan ka bincika a garuruwan Baure da Zango da Mai'adua, ba wuya ka sami gidan da kakansu daga ƙetare ya zo, ko gidan da rabin danginsu ke can.

Bayan samun 'yanci a 1960 aka ci gaba da shiga da fita. Lokacin farin 1973 da 1974, ta waɗannan hanyoyi jama'a suka gangaro daga arewa da ragowar dabbobinsu suna neman abinci. Hatsi da man fetur da kayan masana'antun Kano suna hawa, shanu da raƙuma da wake suna saukowa. Kasuwar Mai'adua ta ranar Lahadi ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na yankin, kuma duk wanda ya je ya san naira da sefa tare suke yawo a aljihu ɗaya. A takardun ƙasashen Afirka kuma, babbar hanyar ratsa Sahara mai tsawon kimanin kilomita 4,500, daga Aljas zuwa Legas, ta biyo Tamanrasset da Agadas da Damagaram ne kafin ta shigo Kano. Wato tsohuwar hanyar ayari ce aka sa wa sabon suna.

To amma iyaka tana da wani hali: ana iya rufe ta daga nesa, da sa hannun mutum ɗaya. An rufe a 1984 zamanin mulkin soja na Janar Buhari, ba a buɗe ba sai 1986, kuma abin ya haɗu da fari, har mutanen gabashin Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. An sake rufewa a watan Agustan 2019 don hana shigo da shinkafa da fitar da mai. A watan Nuwamban shekarar aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ka auna wannan da ƙaramar hukuma irin Baure, wadda ta miƙe a jikin iyakar. Manomi mai injin ban ruwa, ɗan acaɓa, mai injin niƙa, duk sai sun yi doguwar tafiya ko su saya a galan da tsada, alhali ba su taɓa yin fasa-ƙwauri ba. An fara buɗe wasu iyakokin a Disambar 2020. Sai kuma juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake garƙamewa har zuwa Maris ɗin 2024.

Gaskiya ne akwai fasa-ƙwauri, akwai safarar makamai da ta mutane, kuma kowace ƙasa na da haƙƙin tsare iyakarta. Ba wanda ke musun wannan. Abin da tarihin hanyar ke nunawa shi ne, duk ranar da aka rufe ƙofa, tafiyar ba ta tsayawa, daji take shiga. Babbar mota ta koma babur, mai biyan kuɗin kwastan ya koma biyan na goro a shinge, kaya su yi tsada, mai ƙaramin jari ya karye, mai babban jari da sanayya ya ƙara ƙiba. Ita kuwa tsohuwar da za ta je suna ko ta'aziyya ƙauyen da take hangowa daga gonarta, ita ce ke shan tambayoyi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to ƙafar ce ake ɗaurewa.

Yanzu ana sabon zubi. A ƙarshen mulkin Buhari na farar hula aka ba kamfanin BUA aikin mayar da titin Kano zuwa Kongolam tagwaye, a tsarin da kamfani ke yin titi a cire masa daga harajinsa. A watan Fabrairun 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Ku duba taswirar da kyau. Daga Daura layin ya karkata yamma ne. Baure da Babban Mutum da Magariya suna gabas. Mun riga mun ga abin da ya faru a 1911, lokacin da sabuwar hanya ta ɗaga wasu garuruwa ta bar wasu. Don haka matasan wannan yanki na da tambayoyin da ya kamata su riƙa yi wa wakilansu tun yanzu: yaya lafiyar titin Daura zuwa Zango zuwa Baure, wanda zai kai kayanmu tashar jirgi? Yaya titin Babura zuwa Babban Mutum? Shinge nawa ne tsakanin Babban Mutum da Kano, kuma nawa ne daga ciki doka ta san da su? Ga shi kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, to wace takarda ce za ta kare ɗan kasuwar da ke tsallakawa kowane mako?

Waɗannan ba tambayoyin 'yan siyasa kaɗai ba ne. Farashin buhun gero a Dawanau da kuɗin ragon layya a Legas suna da alaƙa da abin da ke faruwa a Kongolam da Babban Mutum, ko mai saye ya sani ko bai sani ba.

Kafin mu rufe, ga ɗan aiki. Wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida, a Baure ne, a Zango ne, a Babura ko Magariya, ya zauna da su ya tambaye su: kafin kwalta, ta ina ake bi zuwa Kano? A wace rijiya ake sauka? Kwana nawa ake yi da jaki? Ku ɗauka a waya, ku ajiye. Sunayen zangunan nan da yawa ba sa cikin kowane littafi, suna bakin mutanen da shekarunsu suka ja.

A nan za mu dakata. Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya ba ƙasashenmu biyu zaman lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.